Me Ke Sa Fata Saɓa?

Fatar kowa tana saɓa, ido ne dai ba ya gani. Cikin kamar mako 4 ta sama kan mutu ta kakkaɓe, sabuwa ta taso daga ƙasa. Sai abin ya wuce kima ake ganin tana ɗayewa.

A ƙasar Hausa hunturu ne kan gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska kan bushe ƙayau, ta zuƙe danshin jiki: ƙauri ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Mu kuma mu ƙara da ruwan wanka mai zafin gaske da sabulun soda, su wanke ɗan maiƙon da fata ke kare kanta da shi. Wannan bai fi ƙarfin man kaɗanya ko basilin ba, in an shafa da fitowa daga wanka, jiki da sauran lema. Masu wanki da masu kwaɓa siminti kuwa, aikinsu ne ke cin tafin hannunsu.

Makero, ƙyasbi da saɓar tsakanin yatsun ƙafa ƙwayoyin cuta ne masu son gumi da laima, shi ya sa bai kamata a zura safa bayan alwala ƙafa a jiƙe ba. Mai ba ya kashe su. Man bilicin, musamman haɗin kasuwa mai sinadarin sitiroyid, ƙara musu ƙarfi yake yi, ya kuma sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Asarar kuɗi ce da ta lafiya.

Iri biyu ne ba a kwana da su a gida. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, fatarsa na ɓanɓarewa kamar tsohon fenti a bango, tamowa ce mai tsanani. Na biyu, wanda ya fara shan sabon magani, irin su Septrin, Fansidar ko wasu magungunan farfaɗiya, bayan kwanaki ko 'yan makonni zazzaɓi ya rufe shi, ido ya yi ja, baki ya yi gyambo, fata ta yi bororo ta fara saluɓewa. Likitoci na kiran wannan ciwon Stevens-Johnson. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa.

Don Allah, in kun ga haka kada ku tsaya jiƙe-jiƙe ko komawa kemis. Ku ɗauki mara lafiya da kwalin maganin da ya sha, ku nufi asibiti a ranar.