Yadda taurarin ɗan Adam ke auna iskar kabon daga sama

Tun 1958 ake auna iskar kabon dayoksaid a tsaunin Mauna Loa da ke Hawaii. A lokacin kashi 315 ne cikin miliyan, yau kuwa ta haura 420. Sai dai tashoshin awo na ƙasa ba su da yawa a Afirka da dazukan Amazon, inda ake matuƙar bukatarsu.

Wannan giɓin ne taurarin ɗan Adam suka zo cikewa. Japan ta harba GOSAT a 2009, hukumar NASA ta Amurka ta biyo da OCO-2 a 2014. Hasken rana da ya daki ƙasa ya koma sama suke dubawa. Iskar kabon kan shanye wani ɓangare na hasken, kuma daga gwargwadon abin da ya ragu ake gane yawanta. Shi ya sa dare da gajimare ke hana su aiki, ƙura irin ta hunturu ma takan rikita lissafi.

Me ya sa ƙaruwar iskar kabon ke bambanta daga shekara zuwa shekara? Teku da tsirrai kan zuƙe kusan rabin abin da mutane ke fitarwa, amma ba kullum suke iyawa ba. A lokacin yanayin El Niño na 2015 zuwa 2016, ƙaruwar ta kai wajen kashi 3 cikin miliyan a shekara. OCO-2 ya nuna dalilan: fari a Kudancin Amurka, gobarar daji a Indonesiya, a Afirka kuma zafi ya hanzarta ruɓewar matattun tsirrai.