Ƙwayoyin da ke narkar da dutse a ƙasar ƙanƙara

Akwai bakteriya da abincinsu baƙin ƙarfe ne da farar wuta. A 1947 Colmer da Hinkle suka tsamo irinsu daga gurɓataccen ruwan da ke fitowa daga ramukan kwal a Amurka. Suna cin dutsen ma'adini a hankali, ƙarfen da ke ciki ya narke cikin ruwan asid, sai a tace a kwashe.

Wurin da abin ya fi ɗaure kai shi ne Sotkamo, a ƙasar Finland, inda sanyin hunturu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Tun 2008 ake fitar da nikel da zink a mahaƙar Talvivaara ta wannan hanya: a farfasa dutse, a tula shi tsibi-tsibi, a yayyafa ruwan asid ta sama, a hura iska ta ƙasa. Ba a hura wuta, ba a kunna na'urar ɗumama. Aikin ƙwayoyin kan ma'adinin ne ke haifar da zafi, har cikin tsibin gwaji ya kai wajen digiri 90. Dusar ƙanƙara na sauka, tsibi na turiri. Sai dai fa ba su san gaggawa ba: zagayen farko na narkarwar kaɗai ya kan haura shekara, na biyu ya ci shekaru.

Wata ƙwayar mai suna Acidithiobacillus ferrivorans tana hayayyafa a digiri 5, sanyin da ke hana nama lalacewa a firji. An same ta har a Norilsk da ke Sibiriya.

A Olimpiada kuwa, mahaƙar zinariya a Sibiriya, cikin manyan tankuna ake kiwon ƙwayoyin, kuma sai an riƙa sanyaya tankunan kada zafi ya kashe su. A Sibiriya fa!

Masu tallar fasahar na son kiranta mai tsabta. A yi hattara da wannan yabo. A Nuwamban 2012 tafkin sharar Talvivaara ya ɓalle, ruwa mai ɗauke da nikel da yuraniyom ya malala cikin ƙoramu da tafkuna. Kamfanin da ke haƙar ya karye a 2014, kamfanin Terrafame na gwamnati ya karɓa a 2015. Yanzu daga tsibin nan ake samun sinadaran batirin motocin lantarki, tun 2024 kuma har yuraniyom ɗin ake tacewa.