Gargaɗi ga Matan da Aka Yi wa Tiyatar Ɗame Ciki

Wannan kira ne ga duk macen da aka yi wa tiyatar rage teɓa da ɗame ciki, a Istanbul ne ko Alƙahira, a Dubai ko Legas ko Abuja, wadda har yau, bayan shekara guda ko fiye, take jin cikinta a ɗaure tamau. 'Yar'uwa, ki je asibiti cikin makon nan. Kada ki zauna jiran ya saki don kansa. Idan kin shiga wurin likita kuma, tun kafin ya tambaya ki gaya masa an yi miki wannan aiki, ki faɗi wata da shekara, ki nuna masa tabon.

Akwai waɗanda ko gobe bai kamata su kai ba. Idan ɗaurewar ta zo da amai mai yawa, musamman kore, ko bayan gida da tusa sun tsaya cak, ko wani ƙullutu mai tauri da zafi ya ɓullo kusa da cibiya ko kan tabo ya ƙi komawa, to yanzu za a tafi, ko da tsakar dare ne. Hanji ne mai yiwuwa ya maƙale, kuma hanjin da jini ya daina kai masa yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Haka nan zazzaɓi tare da jan fata da kumburi, ko baƙin bayan gida, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ake kwana da shi a gida.

Sai an san abin da aka yi wa cikin kafin a gane ciwon da ke kan hanya da wanda ya kauce. Likita yakan yanka fata a ƙasan mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya ɗaga ta tare da kitsenta har gindin haƙarƙari. Daga nan ya haɗe tsokoki biyun da ke miƙe a tsakiyar ciki, waɗanda goyon ciki kan raba, ya ɗinke su, ya jawo fatar ƙasa, ya yanke rarar, ya huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Don haka ba abin mamaki ba ne mace ta yi mako ɗaya ko biyu tana tafiya a sunkuye, ta yi kusan mako shida da ɗamara, kumburi ya ɗauki watanni yana sauka, wani lokaci har shekara. Amma duk tsawon wannan lokaci sauƙi ƙaruwa yake yi. Ɗaurewar da ta tsaya wuri ɗaya, ko ta tafi ta dawo, ko take ƙaruwa har mace ta kasa miƙewa sosai bayan ruku'u, ko loma biyar ta cika ta ƙwannafi ya taso, wannan tana da dalili, kuma ana iya gano dalilin.

Matsalar da ta fi yawa bayan wannan aiki ita ce taruwar ruwa tsakanin fata da tsoka. Idan aka gan shi da wuri, likita zai zuƙe shi a tsabtace. Idan aka bar shi, jiki yakan gina masa wata jaka mai kauri, ya zauna ciki watanni. Ki kwanta rigingine ki ɗan buga gefen mararki da yatsa: wata za ta ga abu ya yi motsi zuwa ɗaya gefen a ƙarƙashin fata. In jakar ta riga ta yi tauri, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire ta. Akwai kuma jijiyoyin ji da ke bi ta ƙasan mara zuwa matsematsi da gefen cinya. Zaren ɗinki ko tabo na iya danne ɗaya, sai mace ta riƙa jin suka ko raɗaɗi a wuri guda da za ta iya nunawa da kan yatsa, har taɓawar zani ma ta dame ta. Wannan yana da magani. Ɗinkin tsokar ma na iya saki, ko hanji ya sami kafa ya turo.

Sai kuma wata cuta mai ɓoyon kanta. A tsakanin 2013 da 2014, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi diddigin mutum 21 a jihohi 6 da suka dawo daga tiyatar gyaran jiki a Jamhuriyar Dominika da wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta tarin fuka. Ba ta tashi nan take. Sai bayan makonni, ko watanni, ƙananan maruru su fara fitowa a kan tabo, suna fashewa da ruwa-ruwa, a sha Ampiclox su lafa su sake dawowa. Gwajin da aka saba yi wa mugunya yakan wuce ta bai gani ba, sai likita ya nemi a duba ta musamman, kuma ba zai nema ba idan bai san an yi tiyata a wani wuri ba. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne na tsawon watanni, galibi har da sake aiki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, shi ne ciwon da ba ruwansa da tiyatar kwata-kwata. Mace ta riga ta sa a ranta cewa duk abin da ta ji a ciki “ai aikin nan ne”, sai ta yi shekara tana haƙuri. Alhali ƙarin mahaifa, wanda ya yi yawa a tsakanin matanmu, yana cika ciki ya ɗaure shi. Ciwon hanta, da ya zama ruwan dare a ƙasashenmu, idan ya yi nisa yakan tara ruwa a ciki. Sankarar ma'ajiyar ƙwan mace kuwa, alamominta na farko su ne kumburin ciki da saurin ƙoshi da nauyin mara, daidai abubuwan da wadda aka yi wa tiyata za ta ɗauka nata ne na kullum. Ita wannan sankara, jinkirin gano ta ne ke sa ta kisa. Juna biyu ma na iya shiga bayan aikin, kuma dole likitan mata ya san an ɗinke tsokar tun farkon awo.

Na san abin da ke rufe bakin mata da yawa. Wata ta ce wa dangi dubin lafiya za ta je, ta dawo da sirrinta. Wata miji kaɗai ya sani, wata ko shi bai sani ba. Tana tsoron a ce ta raina halittar Allah, ko maganar ta kai kunnen kishiya, ko ma'aikaciyar jinya ta harare ta. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne, amma likita ba ya cikin waɗanda ake ɓoye wa wannan. Aikinsa ya wajabta masa riƙe sirrinki. Ku kuma mazaje da iyaye mata da yayye, idan ta buɗe baki ta faɗa, ba ranar faɗa ba ce. A kai ta asibiti tukuna. Masu duba marasa lafiya, don Allah ku karɓe ta da mutunci, domin wadda aka kunyata sau ɗaya ba ta sake dawowa.

Kafin ki ga likita, kada ki gasa cikin. Wannan ina so a ji shi da kyau, domin mu mutane ne da suka saba da ruwan zafi, daga wankan jego har tsumman gashi. Fatar da ke tsakanin cibiya da tabo takan rasa ji bayan wannan tiyata, wani lokaci har abada. Za ki ɗora gorar ruwan zafi ki ji ɗumi-ɗumi kawai, da safe ki tarar fata ta yi bororo ta saluɓe, kuma ƙuna a wurin nan ba ta saurin warkewa. Kada ki bari mai kemis ko wata mai zuwa gida ta soka miki sirinji da sunan zuƙe ruwa: abin da ta ɗauka ruwa ne yana iya zama hanji, kuma ko ruwan ne, allurar na iya shigar masa da ƙwayar cuta. Kada ki ƙara matse ɗamara. Diclofenac da ibuprofen na kullum suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, tramadol kuma ya rufe ciwon ya bar ki da jaraba. Jiƙon basir da maganin sanyi ba sa kwance jijiyar da zare ya danne.

Kada kuɗi ko sunan ƙasar da aka je su ruɗi kowa. Stella Obasanjo, uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoba, 2005, a Marbella ta ƙasar Sifen, bayan aikin zuƙe kitse. A 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci, domin bututun ya zarce cikin ciki ya huda hanji. Nata ya faru ne cikin kwanakin farko, amma ya nuna cewa ɓarna na iya kasancewa a ciki alhali daga waje ba a ganin komai.

Wurin zuwa shi ne sashen tiyata na babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko makamancinsu mafi kusa da ke. Ki nemi a duba ki da hannu, a kwance da kuma a tsaye, a yi miki hoton ciki da na mara, a yi gwajin juna biyu idan shekarunki na haihuwa ne. Idan hoton farko bai nuna komai ba kuma ciwon na nan, ki tambaya ko akwai buƙatar hoton CT, ki kuma nemi ganin likitan tiyatar gyaran jiki mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Hoton da za ki tura wa asibitin da aka yi miki aikin ta WhatsApp ba ya maye gurbin hannun likita a kan cikinki. Abin da za ki nema wurinsu shi ne rahoton aikin a rubuce: me aka yanke, wane irin zare aka yi ɗinki da shi, ko an sa raga a bangon ciki, ko an haɗa da zuƙe kitse. Idan sun turo, ki tafi da shi tare da kwalayen duk magungunan da kike sha. Idan ba su amsa ba, kada ki jira su, ki tafi haka nan.