Araha ba ta Ado: Ƙarko da Farashin Harshen Injin Yankan Itace a Yankin Maigatari

Abin da wannan maƙala ta kira harshen inji shi ne dogon faifan ƙarfen da sarƙar injin yankan itace ke zagayawa a kansa. Iri biyu ne. Na farko ƙarfe ne guda mai taurin baki. Yana da nauyi da tsada, amma yana jure ƙura. Na biyu falle uku ne da aka manne, da ƙaramar ƙafa mai haƙora a bakinsa. Ba shi da nauyi, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

A ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, rairayi ne babban abokin gaban wannan ƙarfe. Ƙurar hunturu kan maƙale a ɓawon gawo da darbejiya, ta cakuɗa da mai, ta riƙa cin tsagin da sarƙa ke bi. Da tsagin ya buɗe, sarƙa kan karkace, yanka ya bauɗe, mai ya ƙone a banza. Zuba baƙin man mota maimakon man sarƙa yana gaggauta lalacewar.

Saboda haka, farashin ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne yawan sarƙoƙin da harshe guda zai cinye kafin ya mutu. Juya shi a kai a kai da share tsaginsa kan tsawaita kwanansa. Jabu mai ɗauke da sunan Stihl kuwa, sau biyu ake biyan kuɗinsa.