Daga ina ƙarfin naushi yake fitowa? Abin da ya kamata ku sani game da motsin jiki a wasannin kare kai

Ranar 28 ga watan Yunin 1962 wani ɗan ƙasar Koriya mai suna Jhoon Rhee ya buɗe makarantar koyar da Taikwando a gida mai lamba 2035 da ke titin K, a shiyyar arewa maso yammacin birnin Washington, shiyyar da fadar shugaban Amurka take. Mutum ne marar girman jiki, amma daga wannan makaranta sunansa ya bazu har aka riƙa kiransa uban Taikwando na Amurka. Ya koyar da 'yan majalisar dokokin ƙasar fiye da 300, ya yi abota da Bruce Lee tun haɗuwarsu a 1964, har ma ya horar da Muhammad Ali. Abin da ya ja manyan mutane irin waɗannan zuwa wurinsa shi ne ya san yadda jiki yake samar da ƙarfi da sauri, da yadda ake amfani da su ba tare da an illata gaɓoɓi ba. Wannan ilimi ya shafi ɗan damben Kano da ɗan kokawar Maraɗi kamar yadda ya shafi ɗan Taikwandon Washington, domin halittar jikin ɗan Adam iri ɗaya ce a ko'ina.

Mene ne ilimin motsin jiki?

Fanni ne na kimiyya da ke nazarin yadda ƙashi da tsoka da jijiya suke haɗuwa su motsa jiki, da yadda nauyi da sauri suke aiki a kansu. Ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1680 aka fara wallafa littafin wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, wanda ya yi lissafin yadda tsoka take jan ƙashi. Yau ana amfani da kyamarori masu ɗaukar ɗaruruwan hotuna cikin daƙiƙa guda, da faranti da ake girkawa a ƙasa don auna ƙarfin takun ƙafa. Abin da awon ya tabbatar, tsofaffin 'yan wasa sun daɗe da saninsa a aikace, ko da ba su da sunan da za su kira shi.

Naushi daga ƙasa yake farawa

Yawancin masu kallo suna zaton damtse ne yake naushi. Damtse shi ne na ƙarshe a layi. Mai naushi yakan fara da dannan ƙasa da ƙafarsa ta baya, ƙasa kuma ta mayar masa da ƙarfi daidai wanda ya danna ta da shi, kamar yadda dokar Isaac Newton ta uku ta bayyana. Wannan ƙarfi ya hau ta gwiwa ya isa kwankwaso, kwankwaso ya juya, ƙirji ya biyo shi, kafaɗa ta karɓa, sannan hannu ya miƙe. Kowace gaɓa tana karɓar saurin wadda ta gabace ta, ta ƙara nata, ta miƙa gaba.

Wani bincike da masana wasanni na tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka yi, wanda aka wallafa a 1985, ya gano cewa a wurin ƙwararrun 'yan damben boksin, kimanin kashi 38 cikin ɗari na ƙarfin naushi daga turin ƙafar baya yake fitowa, kashi 37 daga juyawar gangar jiki, hannu kuwa kashi 24 kacal yake bayarwa. Sababbin shiga su ne suka fi dogara da hannu, shi ya sa suke saurin gajiya kuma naushinsu bai cika tasiri ba.

Ku lura da yaron da ke jifan mangwaro. Babu wanda ya koya masa, amma sai ya ja ƙafa ɗaya baya, ya karkata kafaɗa, ya taka gaba, ƙugunsa ya juya, sannan dutsen ya bar hannunsa. Wannan shi ne tsarin da jiki ya zo da shi. Aikin malami nagari shi ne ya gyara wannan tsari ya ƙara masa kaifi. Malamin da ya sa ɗalibi ya sandare, ya riƙa motsa hannu shi kaɗai, ya raba shi da abin da Allah ya riga ya ba shi.

Abin da tsayuwar ɗan dambe take koyarwa

Duk wanda ya taɓa shiga gidan dambe ya ga wannan ilimi da idonsa. Ɗan dambe yakan ware ƙafafu, ya ɗan rusuna, ya miƙa hannun garkuwa gaba da tafi a buɗe, hannun mashi kuwa, wanda aka naɗe da zare, yana can baya a ɗane. Garkuwar tana auna tazara tana kuma tare abokin karawa. Nisan da mashin yake da shi daga inda zai sauka shi ne yake ba shi filin tara gudu. Idan lokaci ya yi, sai ka ga diddigen baya ya ɗaga, ƙugu ya murɗa, nauyin jiki gaba ɗaya ya koma ƙafar gaba, sannan hannun ya iso.

Ware ƙafafun ma da dalilinsa. Tsakiyar nauyin mutum tana wajen ƙasan cibiya. Muddin wannan wuri yana saman filin da ke tsakanin ƙafafu biyu, mutum yana tsaye daram. Da zarar ya fita daga wannan fili, faɗuwa ta zo. A dambe, inda taɓa ƙasa da hannu ko gwiwa yake zama kisa, rasa daidaito kaɗai ya isa ya kashe mutum a turmin farko. A kokawa kuwa wannan shi ne dukan wasan. Gwanayen da ke fafatawar neman takobi a Nijar, gasar da aka fara a Tawa a 1975, suna duƙawa ne don su saukar da tsakiyar nauyinsu, suna kuma ja da turi don su fitar da ta abokin karawa daga kan ƙafafunsa. Shi ya sa ake ganin ƙaramin mutum ya kayar da ƙato.

Me ya sa sauri ya fi nauyi?

Lissafin kimiyya ya nuna cewa idan aka ninka nauyin abin da ke tafiya sau biyu, kuzarinsa ya ninku sau biyu. Idan kuwa saurinsa aka ninka sau biyu, kuzarin ya ninku sau huɗu. Sauri kuma ba ya zuwa sai jiki yana sake. Kowace gaɓa tana da tsokar da ke miƙe ta da wadda ke lanƙwasa ta. Mutumin da ya ɗaure jikinsa saboda tsoro ko fushi yana sa su biyun su ja a lokaci guda, sai hannu ya yi nauyi. Ƙwararre yakan bar kafaɗa da damtse a sake, sai dab da sauka ya dunƙule hannu ya ƙarfafa wuyan hannu da ciki. Ihun da 'yan Taikwando da Karate suke yi lokacin bugu yana taimakawa a nan, domin fitar da numfashi da ƙarfi yana ɗaure tsokar ciki daidai lokacin da ake bukata.

A kan wannan Jhoon Rhee ya gina naushin da ya koya wa Muhammad Ali. Kafin ido ya ga abu, ƙwaƙwalwa ta fassara shi, jiki ya motsa, akan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa. Dabarar ita ce naushi ya fita ba tare da wata alama ba, babu ja da kafaɗa baya, babu yamutsa fuska, ya isa kafin abokin karawa ya farga. Bayan Ali ya doke Richard Dunn a zagaye na biyar a birnin Munich na Jamus a watan Mayun 1976, ya ambaci wannan naushi da wanda ya koya masa shi.

Inda ake jin ciwo

Gaɓoɓi ba aikinsu ɗaya ba. Kwankwaso da kafaɗa an halicce su su juya ta kowane ɓangare. Gwiwa kuwa lanƙwasawa da miƙewa ne babban aikinta, murɗawar da take iya ɗauka kaɗan ce. Mai shuri da ƙafa wanda ya bar ƙafar da yake tsaye a kanta a kafe, bai juya ta kan tafin gaba ba, ya tura murɗawar duka zuwa gwiwa, kuma a nan jijiyoyi suke tsinkewa. Ku kalli shurin Abdoul Razak Issoufou Alfaga, ɗan Taikwandon Nijar da ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016 kuma ya zama zakaran duniya a 2017: ƙafar da ke ƙasa tana juyawa tare da ƙugu, ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Hannu ma yana da rauninsa. Ƙasusuwa 27 ne a hannun mutum daga wuyansa zuwa yatsu, kuma ƙanana ne. Idan naushi ya sauka ta gefen ƙaramin yatsa, ƙashin da ke bayansa yakan karye, karayar da likitoci suka san ta sosai a wurin masu faɗa da hannu. Daidai shi ne a sauka da gaɓoɓin manuniya da ɗan tsakiya, wuyan hannu a miƙe. Haka kuma miƙe gwiwar hannu har ƙarshe da ƙarfi, musamman idan iska ake naushi, yana cin gaɓar a hankali.

Mafi haɗari shi ne kai. Naushin haɓa yana sumar da mutum ne saboda yana juya kai farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta. Wanda ya suma, ko ya tashi yana jiri, ko amai, ko mantuwa, bai kamata ya koma fili a ranar ba, komai zugar makaɗa da 'yan kallo. A kai shi asibiti. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya nakasa mutum ko ya yi ajalinsa. Jhoon Rhee ya ɗauki wannan batu da muhimmanci. Bayan wani ɗalibinsa ya ji mummunan rauni a fuska a wurin gasa, ya ƙirƙiro kayan kariya na soso da ake sawa a hannu da ƙafa da kai a farkon shekarun 1970, kuma irinsu ne suka yaɗu a makarantun wasannin kare kai.

Abin da iyaye da masu koyo za su duba

Kafin ku sa yaro a wurin horo, ku je ku zauna ku kalli darasi guda. Ku duba ko ana ɗumama jiki kafin a fara, ko ana koyar da tsayuwa da taku kafin bugu, ko malami yana gyara ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. Ku duba ko ana danne yara da ƙarfi don su ware ƙafa, domin miƙewar tsoka a hankali take samuwa cikin watanni. Gajiyar tsoka bayan horo ba abin damuwa ba ce, amma zafi mai suka a cikin gaɓa alama ce ta a dakata. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma lura cewa jikin kowa da yadda aka gina shi. Dogo da gajere ba za su yi tsayuwa iri ɗaya ba, kuma zurfin kwankwaso ya bambanta daga mutum zuwa mutum, don haka ba kowa ne zai iya kai ƙafa saman kai ba, komai naci.

Jhoon Rhee ya rasu ranar 30 ga Afrilun 2018 yana da shekara 86, kuma har bayan ya haura saba'in yana motsa jiki a gaban jama'a yana fasa katako da ƙafa. Wannan shi ne ma'aunin horo mai kyau: mutum ya yi wasansa, ya tsufa da gwiwarsa da hankalinsa lafiya. Matasanmu da ke sa zare a Kano da Katsina da Sakkwato sun cancanci haka, kuma hanyar ita ce masu gidajen dambe da hukumomin wasanni su sa koyar da motsin jiki da duba lafiyar 'yan wasa cikin tsarin kowace gasa.