Yadda Wayarka Ke Faɗa Wa Kamfani Ko Za Ka Biya Bashi

Ka taɓa danna *303# domin rancen katin waya aka ba ka, abokinka kuma ya danna aka ce bai cancanta ba? Babu ma'aikacin da ya zauna ya duba fuskokinku. Kwamfuta ce ta duba tsawon lokacin da layin kowannenku ya yi yana aiki, da yawan katin da yake sakawa, da ko ya biya rancen baya, ta yanke hukunci kafin ƙiftawar ido. Wannan ƙaramin misali ne na abin da masana ke kira manyan bayanai.

Mene ne manyan bayanai?

Kada ka haɗa shi da datar da kake saya don hawa intanet. Ana nufin tarin sawun da mutane ke bari duk lokacin da suka tura kuɗi, suka cira a POS, suka yi sayayya ko suka buɗe wata manhaja. A 2001 wani masani Ba'amurke mai suna Doug Laney ya siffanta irin wannan tari da abubuwa uku: yawa, da saurin shigowa, da bambancin iri. Yawansu ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, suna kwarara ba dare ba rana, kuma a gauraye suke: lambobi, rubutu, hotuna, har da wurin da waya take.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. Mai shagon unguwarku yana da littafin bashi, kuma da ganin take-taken mutum ya san ko mai biya ne. Bambancin shi ne, shi ya san ƴan unguwa kaɗai, kwamfuta kuwa tana kwatanta halinka da na miliyoyin mutane. Idan yawancin masu hali irin naka sun biya, sai ta ba ka maki mai kyau.

Inda aka gwada

A Kenya, kamfanin Safaricom ya fara M-Pesa a 2007, mutane suka koma tura kuɗi ta waya. A Nuwamban 2012 ya haɗa kai da bankin CBA suka fito da M-Shwari, inda ake ba da ƙaramin rance ba tare da jingina ko zuwa banki ba. Abin da ake dubawa shi ne yadda mutum ke amfani da layinsa da asusunsa na M-Pesa. Mai sayar da kayan miya da ba ta taɓa taka ƙofar banki ba ta samu jari.

A China kuma, bankin intanet na MYbank da aka buɗe a 2015 ya yi suna da tsarin da ake kira 310: minti uku na cike buƙata, daƙiƙa ɗaya ta amincewa, ba tare da sa hannun ko mutum ɗaya ba. Tarihin cinikin ɗan kasuwa shi ne ya zama jinginarsa.

Da irin wannan lissafi ne bankuna ke kama ɓarayi. Idan katin da ya saba sayayyar dubu biyar ya tashi kwashe dubu ɗari biyar da tsakar dare, na'ura na iya tsayar da shi har sai an tabbatar kai ne.

Inda gizo ke saƙa

Kwamfuta ba ta jin uzuri. A Kenya an saka ɗimbin mutane cikin jerin marasa biyan bashi saboda ƴan kuɗi kaɗan, har sai da babban bankin ƙasar ya hana saka sunan mutum kan bashin da bai kai shilin 1,000 ba a 2020.

A Najeriya ma an ga yadda wasu manhajojin rance ke kwashe lambobin da ke wayar mutum, idan ya yi jinkirin biya su tura wa ƴan uwa da abokansa saƙon cin mutunci. Daga 31 ga Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store shiga lambobi da hotunan masu amfani da su. A watan Yunin shekarar aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Abin da ya kamata ka yi

Shiga saitin wayarka ka duba izinin da ka bai wa kowace manhaja, ka janye wanda ba shi da dalili. Kafin ka sauke manhajar rance, duba ko tana cikin jerin waɗanda hukumar FCCPC ta amince da su. Kada ka ba kowa BVN ɗinka ya ci bashi da shi, domin lambar ce ke haɗa dukkan asusunka, kuma sunanka ne zai ɓaci. Idan ka ranta, ko naira dubu ce, ka biya a kan lokaci. Ranar da za ka nemi jari na gaske, wannan tarihin ne za a buɗe.