Sunan Rana Ɗaya Da Sunan Kasuwa

Daga Wakilinmu a Maiduguri

Duk wanda ya bi hanyar Baga a cikin birnin Maiduguri da hantsi, hancinsa ne zai fara shaida masa ya iso Kasuwar Kifi tun kafin idonsa ya gani. Ƙamshin banda ya cika wurin, ga kwalaye nan jibge wani kan wani, ga tarwaɗa an naɗe ta kamar gammo, ga karfasa da ragon ruwa da kurungu an baza a kan tabarmi. 'Yan dako suna kai da kawowa, masu ɗauri suna ta fama da igiya, dillalai kuwa suna ciniki da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, wani lokaci har da harshen Ibo.

Mutanen nan talakawa ne masu neman halaliyarsu. Amma da yawa daga cikinsu sun taɓa tsayawa gaban na'urar ɗaukar hoto, wasu an ji muryarsu a gidajen rediyon ƙasashen waje, wasu kuma hotonsu ya zaga duniya ba tare da sun sani ba. Bayan kwana biyu aka manta da su, suka koma bakin kwalayensu. Wannan irin suna da ke zuwa wa talaka farat ɗaya ya kuma wuce kamar wutar kara, shi ne abin da muke so mu duba a wannan mako.

Turawa suna da wata magana da suke jingina wa wani mai zane na Amurka, Andy Warhol, tun 1968, wai wata rana kowa zai sami shahara ta minti 15. To, yanzu da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, maganar ta iso har ƙofar gidajenmu.

Yadda Duniya Ta San Kasuwar

Kasuwar ta sami sunanta ne daga hanyar da ta nufi garin Baga, a Ƙaramar Hukumar Kukawa, kusan kilomita 200 daga Maiduguri, a gefen Tafkin Chadi. A 1963 faɗin Tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kafin farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye ruwan ƙwarai. Duk da haka kifi bai yanke ba. Shekara da shekaru ana ɗauko banda daga Doron Baga da tsibiran Tafkin, a sauke a Maiduguri, a sake lodi cikin manyan motoci zuwa Anaca da Inugu da Legas. Iyalai masu ɗimbin yawa sun ci abinci ta wannan hanya, amma duniya ba ta taɓa waiwayar kasuwar ba saboda haka.

Ranar da aka waiwaye ta, ranar baƙin ciki ce. A watan Fabrairu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar, aka yi asarar rayuka. Ran 7 ga Maris 2015 bam ya tashi a cikinta, a ranar da aka kai irin wannan hari Kasuwar Monday da wata tashar mota. Ran 22 ga Yuni na wannan shekara, cikin watan azumi, aka sake kai harin ƙunar baƙin wake a wurin. Kafin nan, a farkon Janairu 2015, garin Baga kansa ya faɗa hannun Boko Haram, labarin kisan da aka yi a can kuwa ya girgiza duniya.

A irin waɗannan ranaku ne mai sayar da kifi ke zama abin nema. Wakilan kafofin watsa labarai su buga masa waya, ya faɗi abin da idonsa ya gani, kafin magariba maganarsa ta kai Landan da Paris da Washington. Sai dai in mai karatu ya lura, sau da yawa irin waɗannan shaidu sukan roƙi a sakaya sunansu. Dalili a fili yake: a wancan lokaci, wanda aka san shi ne ya yi magana yana iya kwana cikin fargabar 'yan bindiga, ko ya sha tambayoyin jami'an tsaro. Watau a Barno ta wancan zamani, suna kansa haɗari ne. Mutum ya yi shaharar da ba ya so, a ranar da ya binne maƙwabcinsa.

Da 'yan jarida suka tattara kayansu suka tafi, wahalar da ta fi daɗewa ta biyo baya. Sojoji sun hana safarar kifi daga yankin Tafkin na tsawon shekaru, bisa zargin 'yan ta'adda suna karɓar haraji daga cinikin. Manyan 'yan kasuwa suka karye, 'yan dako suka rasa abin ɗauka. Wannan ɓangare na labarin bai sami ko rabin kulawar da ranakun bam suka samu ba.

Akwai wadda ta yi ƙoƙarin sauya wannan hoto. A 2015 wata 'yar asalin Maiduguri mai ɗaukar hoto, Fati Abubakar, ta fara wani shiri mai suna Bits of Borno a dandalin Instagram, inda take nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu sana'a cikin harkokinsu na yau da kullum. Ta wannan hanya fuskokin talakawan Barno suka shiga manyan jaridun duniya suna murmushi, ba suna kuka ba. Abin a yaba ne.

Gwanin Matan Fada

Daga gabas bari mu leƙa yamma, domin kifi ya haɗa Barno da ƙasar Kabi tun da daɗewa. Masunta da yawa da ke aiki a Tafkin Chadi Hausawa ne da suka yi ƙaura daga wajajen Kabi da Sakkwato da Haɗeja. A garin Argungu akwai wurin da masunci ke zama sarki na yini guda.

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta tabbatar da zaman lafiya tsakanin Kabawa da Sakkwato. A ranar gasa dubban masunta sukan yi layi a bakin kogin Matan Fada, kowa da komarsa da gorarsa. Da an ba da alama sai su ruga cikin ruwa, a yi wajen sa'a ɗaya ana lalube. Wanda Allah ya ba kifi mafi nauyi, shi ne gwanin shekara. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa ma'auni. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Bayan 2009 bikin ya tsaya, sai a watan Maris na 2020 aka farfaɗo da shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci buɗewa. Masuncin da ya zo na ɗaya ya kamo kifi mai kilo 78, aka ba shi motoci da kuɗi da kujerun Makka. Hotonsa ya fito a kowace jarida. Amma kafin watan ya ƙare annobar korona ta rufe gari, hankalin jama'a ya koma wani wuri, aikin Hajjin wannan shekara ma ba a bar maniyyata daga ƙasashen waje sun je ba. Haka duniya take, rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Kwaɗayin irin wannan suna kuma yana da nasa tarkon. A bikin 2008 an ƙwace kyautar wanda aka fara bayyanawa ya ci gasa, bayan masu shirya bikin sun ce kifin da ya kawo ya riga ya mutu tun kafin a shiga ruwa. Mutumin da aka ɗaga sama ana kiɗa, shi ne kuma aka yi ta yayatawa da abin kunya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu iya magana.

Daga Legas Zuwa Kano

Ba masunta kaɗai abin ya shafa ba. A farkon 2016 wata mai tallar burodi a Legas ta ratsa ta wurin da mai ɗaukar hoto TY Bello ke ɗaukar mawaƙin nan na Ingila, Tinie Tempah, sai ta fito a cikin hoton da burodinta a ka. Nan da nan aka shiga cigiyarta, kamfanoni suka yi ta rububin sa ta a tallace-tallacensu. Bayan 'yan shekaru labarinta ya ɗauke ɗif. Da ta sake fitowa ta yi magana a 2024, labarin wahala ta bayar.

A Kano kuma, a watan Satumba na 2023, wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu ya mayar wa wani ɗan kasuwa daga ƙasar Chadi kuɗi kimanin Naira miliyan 15 da ya manta a cikin babur ɗinsa. Gari ya ɗauka, aka yi ta kiransa gidajen rediyo, masu hali suka yi masa kyaututtuka. Wannan suna mai kyau ne, domin gaskiya ce ta jawo shi. Amma shi ma, bayan 'yan makonni wani labari ya zo ya danne shi.

Abin lura a nan shi ne, talakan da ya yi suna dare ɗaya ba shi da lauya, ba shi da mai ba shi shawara, wani ma bai iya karanta takardar da aka miƙa masa ya sa hannu ba. Dangi na kusa da na nesa su cika masa gida, kowa yana zaton ya zama attajiri. Alkawarin da aka yi masa gaban jama'a ba lalle ne duka ya iso hannunsa ba, amma duka za a lissafa masa. In ya koma sana'arsa a ce ya tsiyace, in ya ƙi komawa yunwa ta same shi.

Sunan Da Ke Kan Kwali

Mu dawo Kasuwar Kifi. A nan akwai wani irin suna dabam, wanda ba ya fitowa a jarida amma shi ke riƙe da kasuwar. Cinikin banda ciniki ne na amana tun daga tushe. Ɗan kasuwa yakan ba masunci bashin kayan aiki da abinci, masunci ya biya da kifi in ya dawo daga ruwa. Fatoma, watau mai masauki kuma dillali, shi ke tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye, ya lamunci wannan ga wancan. Sa'an nan a ɗaure kwali, a yi masa alamar mai shi, a ɗora a mota ya yi tafiyar kwanaki zuwa Kudu. Wanda zai karɓa a can bai ga cikin kwalin ba, sunan wanda ya aiko ya gani.

In mutum ya jera manyan kifi a sama ya cusa gari da ruɓaɓɓe a ƙasa, sau ɗaya zai ci wannan riba. In kuwa an san kwalinsa ciki da waje ɗaya ne, to ko jarinsa ya karye zai sami wanda zai ba shi kaya bashi ya sake tashi. Wanda bam da dokar hana safara suka cinye wa dukiya, abin da ya rage masa ke nan. Irin wannan suna a hankali ake tara shi, shekara ashirin ko talatin, har ɗa ya gāje shi daga uba.

Abin Da Ya Kamata

Ba mu ce shahara laifi ba ce. Wanda Allah ya nufa da ita, sai ya gode. Amma muna jan hankalin matasanmu da ke ganin cewa hoton bidiyo guda a TikTok zai fitar da su daga talauci, har wasu suna zubar da mutuncinsu don a kalle su. Wanda rabon ya zo masa, kada ya saki sana'arsa. Kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba gaban wanda ya amince da shi. Abin da ya samu kuma ya juya shi jari tun ido yana kansa.

Masu alkawarin kyauta gaban taro, hukuma ce ko attajiri, su tuna alkawari kaya ne. A cika shi da wuri, ko kuwa a yi shiru tun farko.

Mu ma 'yan jarida muna da namu kason laifi. Mukan ɗauki talaka mu ɗora shi a shafin farko domin jarida ta sayu, sa'an nan ba mu sake tambayar inda ya kwana ba. Ya kamata mu riƙa neman izinin mutum kafin mu yaɗa hotonsa, mu auna haɗarin da za mu jefa shi a ciki, mu kuma koma bayan shekara mu ga yadda ya ƙare. Kasuwar da ta ciyar da jama'a tun daga gaɓar Tafkin Chadi har bakin teku ta cancanci a riƙa ziyartarta a ranar da ba abin da ya faru, a ji batun hanya da tsaro da jari da wurin ajiya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan kasuwa, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya kuma dawwamar da zaman lafiya a Jihar Barno da Nijeriya baki ɗaya, amin.